Rododendiron da Itacen Ƙarya

A watan Fabrairun da ya wuce aka rarraba mu makarantun ƙauye don gwajin koyarwa. Mu uku rabonmu ya faɗa wata makaranta kusa da Kwanar Dangora, inda hanyar da ta nufi Tudun Wada da Jos ta rabu da ta Zariya. A bangon ajin da aka ba mu akwai wata tsohuwar kalanda, shekararta ta wuce tuni, amma an bar ta saboda hoton da ke jikinta. Hoton gangaren wani dutse ne wanda jan fure ya lulluɓe, can bayansa kuwa ga ƙanƙara fari fat.

Ran da muka fara darasin tsirrai sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mene ne sunan wancan furen, kuma don me ba a shuka shi a garinmu?" Muka karanta masa sunan da ke rubuce a ƙarƙashin hoton, watau rododendiron. Tambaya ta biyu kuwa muka ce ya bari sai gobe.

Da aka fita tara muka tsaya bakin darnin makaranta, muka ga wani ɗan itace mai kumburarren gindi, ba ganye ko ɗaya jikinsa, amma ya cika da fure. Muka tambayi juna sunansa, aka rasa mai amsawa. Sai yaron nan ya matso ya ce, "Ai ƙarya ce, Malam." Ɗayanmu ya fara ɓata rai, yana tsammani ƙaryata mu ake yi. Yara suka bushe da dariya, suka ce ai sunan itacen ke nan.

Kunyar ran nan ita ta sa muka bi littattafai, muka kuma zauna da dattawan garin. Ga abin da muka samo, mun kawo wa 'yan'uwanmu ɗalibai don kada abin da ya same mu ya same su, mun kuma kawo wa malamanmu don su gyara mana inda muka kauce.

Asalin rododendiron

Masana tsirrai sukan kasa itatuwa kamar yadda mutane suka kasu, watau dangi, da gida, da ɗaiɗaikun mutanen gida. Rododendiron sunan gida ne, ba sunan itace guda ba, gama irinsa ya fi 1,000. Waɗansu ba su wuce tsawon tafin hannu ba, suna yaɗo a kan dutse kamar tabarma. Waɗansu kuwa manyan itatuwa ne, sukan kai ƙafa 60. Galibinsu dai tsawonsu tsakanin na lalle ne da na lemo, ganyensu mai kauri, furensu yana fitowa dunƙule a kan reshe, kowane ɗaya kamar bakin algaita. Akwai ja, akwai fari, akwai rawaya, akwai ruwan hoda da shunayya. Sunan daga harshen Girka aka ɗauko shi, ma'anarsa itacen wardi. Wani masani mutumin Suwidin, Liniyus, shi ya tabbatar da shi cikin littafinsa na 1753. Furen da Turawa ke kira azaliya shi ma ɗan gidan nan ne.

Cibiyar gidan tana duwatsun Himalaya da kudu maso yammacin ƙasar Sin, inda akan same su daga tudun da ya kai ƙafa 5,000 har abin da ya haura ƙafa 15,000. Akwai waɗansu a Japan, da Amurka ta Arewa, da Turai, da duwatsun tsibirin Borniyo da na Sabuwar Gini. A Afirka duk kuwa babu ko iri ɗaya da ya tsiro da kansa. Mutanen Nepal sun ɗauki jan nan, irin na kalandarmu, ya zama furen ƙasarsu.

Amma babban danginsa yana da 'yan'uwa a nahiyarmu. Akwai wani gida da ake kira Erika, masu ƙananan ganye kamar allura, irinsu wajen 700 suna can ƙarshen Afirka ta Kudu, kewayen Kef. Kaɗan daga cikinsu suna kan manyan duwatsun Habasha, da Kilimanjaro, da Dutsen Kamaru. Ku lura da wannan, gama ita ce mabuɗin maganar: inda aka sami dangin nan kusa da tsakiyar duniya, to, galibi can bisa tudu ne inda ake sanyi.

Yadda ya shiga lambunan Turai

Turawan Ingila masu son lambu ne ƙwarai, har sukan aika mutum uwa duniya don neman iri. Joseph Hooker ya shiga ƙasar Sikkim a Himalaya tsakanin 1848 da 1850, ya aiko da irin rododendiron masu yawa zuwa lambun Kew na Landan. Bayansa George Forrest ya yi ta kai da kawowa lardin Yunan na ƙasar Sin tun daga 1904, har ajali ya same shi can a 1932. Daga abin da suka kawo ne masu lambu suka yi ta haɗa wannan da wancan, har aka sami dubban launuka.

Abin kuwa bai tafi salin alin ba. Akwai iri ɗaya mai fure shunayya wanda aka kai Ingila a 1763. Ƙasar ta karɓe shi fiye da kima, ya tsallake lambu ya shiga daji, yana yin duhuwa ya hana 'ya'yan itatuwan ƙasar tashi. A yau ana kashe kuɗi mai yawa wajen sare shi a Sikotilan da Wales da Ailan. Wanda ya ga yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru ya san irin wannan ɓarna.

Amsar tambayar yaro

To, don me ba ya yi a garinmu? Dalili uku ne.

Na fari, saiwa. Saiwar rododendiron siririya ce kamar gashi, ba ta nutsawa, tana shimfiɗe ne kusa da fuskar ƙasa. A gidansu akwai ruɓaɓɓen ganye mai kauri wanda ya rufe ƙasa, kullum da damshi da sanyi. Akwai kuma wata irin funfuna da ke zaune cikin saiwar, tana narkar masa da abinci daga ruɓaɓɓen ganyen nan, shi kuma yana ba ta zaƙin da ganyensa ya sarrafa. A wurinmu ganyen da ya zuba ba ya kwana biyu. Abin da gara ta bari, awaki su tsince, abin da awaki suka bari, gobarar daji ta lashe. Rana kuwa a watan Afrilu takan gasa fuskar ƙasa har mutum ya kasa taka ta ba takalmi.

Na biyu, iska. A Himalaya hazon ruwa yakan sauko ya zauna kan itatuwa, ganye ya yi ta ɗiga. Mu namu hazon na ƙura ne. Daga watan Oktoba har zuwa Mayu, wata shida ko bakwai, da ƙyar a ga ɗigon ruwa, hunturu kuwa yana tsotse danshi har leɓe ya tsage. Itacen da ba ya zubad da ganye, kuma saiwarsa ba ta kai ƙasa ba, ina zai sami abin da zai mayar? Ko da an jawo masa ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, saiwa kaɗai za a jiƙa, ba mai iya jiƙa iska. Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, duwatsun Riruwai a Doguwa kuma sun haura ƙafa 3,000, amma duk da haka tudun bai kai ba, rani kuma bai rage ba.

Na uku, ɗanɗanon ƙasa. Ƙasa iri biyu ce, akwai mai tsami, akwai mai kanwa-kanwa. Kowa ya ga yadda mata ke jefa kanwa ko ruwan toka a miyar yakuwa don su kashe tsaminta. Haka toka da farar ƙasa suke kashe tsamin ƙasa. Rododendiron kuwa sai ƙasa mai tsami sosai. In tsamin ya mutu ba ya iya jan sinadarin ƙarfe da yake bukata, sai ganyensa ya koma rawaya, ya yi ta ramewa har ya bushe. Ƙasar jejinmu tana da ɗan tsami-tsami, amma ta bayan gida da ta lambun makaranta, inda ake zuba shara da toka, ta rabu da shi. Takin juji da ke sa masara ta yi baƙi ƙirin, shi ne zai kashe wannan baƙo.

Kada a ce don baƙo ne kurum. Darbejiya ma baƙuwa ce, asalinta daga ƙasar Hindu ne, a 1928 aka fara dasa ta a Barno, ga ta nan yau a kowace kasuwa da kowace makaranta. Ita ta yi, don inda ta fito akwai rani da zafi irin namu. Ashe tambayar da za a yi wa kowane iri ita ce, gidan ubanka ya yi kama da namu?

Zuma mai sa maye

Akwai wani abu kuma wanda hoton kalanda bai nuna ba, watau dafi. Ganyen rododendiron da furensa suna da dafi, tumaki da awaki in sun ci da yawa sukan mutu. Waɗansu irin ma har cikin ruwan zaƙin furen yake, ƙudan zuma ya kwasa ya kai saƙa. A wajen shekara ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, wata rundunar Girkawa tana komawa gida ta sauka kusa da Tarabzon, a gaɓar Baƙin Teku, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Suka tarad da amya da yawa, suka sha zuma. Nan da nan sai amai da gudawa, waɗansu suna tangaɗi kamar mashaya, waɗansu kwance kamar matattu. Zenofon, ɗaya daga cikin shugabanninsu, shi ya rubuta labarin, ya kuwa nuna ba wanda ya mutu, bayan kwana uku ko huɗu suka miƙe. Har yanzu ana samun irin wannan zuma a can da kuma Nepal, likitoci kuwa sun gane dafin yana rage bugun zuciya ne.

Masu ɗaura amya a kan ɗorawa da kaɗanya a ƙasar Tudun Wada da Doguwa ba su da wannan fargaba, tun da itacen babu shi a nan. Amma sun riga sun san asalin maganar, gama sukan bambanta zumar wannan fure da ta wancan da ɗanɗano kaɗai.

Itacen ƙarya

Yanzu sai mu komo bakin darni. Itacen ƙarya ba dangin rododendiron ba ne ko kusa. Danginsa su ne tumfafiya da kwankwani. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ɗan guntun itace ne mai kyan fure da ake shukawa don ado, kowannensu kuma yana da dafi. Wajen zama kuwa, duk abin da wancan ke gudu shi wannan ke so.

Ana samunsa tun daga Senegal, ya bi ta ƙasar Hausa, har Sudan da gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa. Wani almajirin Liniyus mai suna Forsskal shi ya fara rubuta wa Turawa sifarsa. A Yaman ya gan shi, a can kuma ya mutu a 1763, shekarar da aka kai rododendiron ɗin nan mai ɓarna Ingila. Sunan da masana suka ba gidan, watau Adeniyum, daga sunan Adan ta Yaman aka samo shi. Turawa kuwa suna ce masa wardin hamada.

Dubi hikimar da Allah Ya yi a jikinsa. Gindin nan da ya kumbura kamar tulu rumbun ruwa ne, da damina yake cika shi. Rani na shigowa sai ya zubad da ganye, don ta ganye ne itace ke asarar ruwa. Sa'an nan, a lokacin da ciyawa ta ƙone, jeji ya yi fari, sai ya fitar da fure daga ajiyarsa, kowane fure da kunnuwa biyar, bakinsu ja-ja, cikinsu fari-fari. Dafin kuwa yana cikin ruwan jikinsa, shi ne garkuwarsa, gama in ba don shi ba da dabbobi masu ƙishirwa sun cinye rumbun tun kafin bazara. Dafi ne mai taɓa zuciya. A wurare da dama na Afirka maharba sun yi amfani da shi a kan kibiya, kamar yadda namu suka yi da ɗan'uwansa kwankwani.

Abin mamaki shi ne, itacen da muka raina har ba mu san sunansa ba, masu lambu a Tailan da Taiwan sun ɗauke shi sana'a. Sun fitar da launuka iri-iri, suna dasa shi a kasko suna sayar wa duniya. Muna leƙen furen mutane a kalanda, su kuwa suna kiwon namu a tukunya.

Fure ba 'ya'ya

Wani dattijo da muka gaisar a ƙofar gidansa ya ce, "Samari, ba ku taɓa jin an ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya ba? To, ga ta nan gabanku." Mun daɗe muna jin karin maganar, muna ɗauka kan maƙaryaci kaɗai aka yi ta. Ashe akwai itacen da mutane ke nunawa in sun faɗe ta.

Gaskiyar al'amari kuwa itacen yana 'ya'ya, sai dai ba safai ba. In ya yi, sukan fito biyu-biyu kamar ƙahonin ɗan maraƙi, in sun bushe su tsage, iri ya fito da gashi a kai da gindi, iska ta ɗauka. Dalilin ƙarancinsu a gari shi ne, kusan kowa reshe yake karya wajen maƙwabci ya dasa. Reshen da aka dasa kuwa jikin uwar ne, ba ɗa ba ne. Saboda haka ana iya samun itace ashirin a gari, amma a haƙiƙa guda ɗaya ne aka rarraba. Shi kuwa galibi ba ya ɗaukar ciki da bununin kansa, sai ƙwaro ya kawo masa na wani itacen dabam. Masu dabino sun san wannan, tun da sukan ɗauko bununin namiji su kai wa mace. Ashe kakanninmu sun lura daidai da abin da ido ya nuna musu, ilmin zamani kuma ya zo ya faɗi dalili. Karin maganar dai tana nan daram a kan maƙaryaci.

Abin da ya kamata mu yi

Kusan kowannenmu in ya gama za a ba shi aji da ɗan fili a ce ya yi lambu. Ga shawararmu.

Wanda ke son dasa ƙarya ya yanki reshe da bazara, ya ajiye shi a inuwa 'yan kwanaki har bakin yankan ya bushe, sa'an nan ya kafa shi a ƙasa mai yashi, a kan ɗan tudu, inda rana ke bugawa. Kada a cika masa ruwa, gama yawan ruwa ke ruɓar da shi. Malami da kansa zai yi yankan, ya wanke hannu da sabulu. A gargaɗi yara kada su sa reshen a baka, kada su yi asuwaki da shi, kada ruwansa ya shiga ido. Kada kuma a dasa shi kusa da rijiya ko turken dabbobi. Mu da muka ga ƙananan yara suna tsinkar furen suna wasa da shi a makarantar nan, alhali ba wanda ya taɓa gaya musu kome, mun san wannan gargaɗi ba na wasa ba ne.

Wanda ke son nuna wa yara bambancin tsami da kanwa ba ya bukatar kayan Turai. Ya jiƙa zoɓorodo ya raba ruwan a ƙoƙo biyu, ya matsa lemon tsami a ɗaya, ya jefa kanwa a ɗaya. Na lemo zai ƙara ja, na kanwa zai rine ya yi duhu. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai manta ba.

Sa'an nan a fita da yara waje. Ƙasar nan ba matalauciyar fure ba ce. Wanda ya bi hanyar da ta ratsa dajin Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa da sunan gandun Kogin Kano, zai ga yadda itatuwanmu da yawa suke fure da rani tsirara ba ganye. Ga gurjiya da minjirya da jan furensu, ga sansami da nasa mai ruwan hoda, ga rawaya tana fitowa daga ƙasa bayan gobara, ga gauɗe mai ƙanshi. Tun 1916 wani likita Bature, Dalziel, ya buga littafi guda na sunayen tsirrai da Hausa, daga bakin manoma da maharba da masu magani ya tattara su. In baƙo ya ga sunayen nan sun isa a rubuta, ina dalilin da ɗan gida zai tsaya gaban aji bai san su ba? Kowace makaranta ta buɗe littafi, yara su kawo suna, da wurin da itacen yake, da watan da yake fure, da abin da iyayensu suka ce yana yi.

Ba muna cewa a sauke kalanda daga bango ba ne. Ai ba don rododendiron ba, da ba mu tambayi abin da ya sa gindin ƙarya ya kumbura ba. Na nesa shi ya buɗe mana ido muka ga na kusa.

Ran da za mu bar garin muka kira yaron nan muka ba shi amsarsa, ko da yake goben tamu ta kai mako uku. Ya saurara har muka gama, sa'an nan ya ce, "To, Malam, su yaran Himalaya, akwai hoton ƙarya a ajinsu?" Muka ce masa ya yi ƙoƙari ya yi karatu, watakila shi zai kai musu.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya sa mu fi ƙarfin girman kai wajen tambayar na ƙasa da mu, amin.